Kwalejin shekara biyu a Japan: yaya rayuwar take, kuma yaushe ake fara neman aiki?

Tambaya: Ina makarantar koyon harshe a Japan, saura 'yan watanni in gama. Malamata ta ba ni shawarar in shiga kwalejin shekara biyu, wadda suke ce wa tandai, maimakon jami'a. Ina so in san yadda ɗaliba take wuni a can, ko zan iya haɗa karatu da ɗan aikin bayan makaranta, da kuma yadda ake samun aikin farko idan an gama.

Amsa: Ƙanwata, sannu da fama da kanji, haruffan rubutun Japan. Abu na farko da nake gaya wa duk ɗalibar da ta zo mini da wannan magana shi ne ta daina ƙirga shekara biyu. A takarda ne kawai take shekara biyu. Za ki shiga a farkon Afrilu, kuma ranar 1 ga Maris mai zuwa, tun ba ki cika shekara guda ba, kamfanoni za su buɗe rajistar ɗaukar 'yan ajinku. Ke nan wata goma sha ɗaya gare ki ki saba da makaranta, ki gyara bakinki, ki kuma san abin da kike so ki zama. Ɗan jami'a sai ya yi kusan shekara uku kafin wannan rana ta riske shi. Wadda ta shiga da sanin haka takan ji daɗin tandai. Wadda ta ɗauka ƙaramar jami'a ce da za a ɗan shaƙata a ciki, ita ce ake tararwa tana kuka a ofishin neman aiki a watan Yuni.

An fara waɗannan kwalejoji a 1950, bayan yaƙin duniya na biyu, a matsayin matakin wucin gadi ga tsofaffin makarantun da ba su cika sharuɗɗan zama jami'a ba. Sai a 1964 doka ta ba su mazauni na dindindin. Sun yi tashe ƙwarai. A 1993 ɗalibansu sun haura 500,000, kuma a tsakiyar shekarun 1990 kwalejojin sun kusa 600. Yau wajen 300 suka rage, ɗaliban kuma ba su kai 100,000 ba, kusan tara cikin goma mata. Haihuwa ta ragu a ƙasar, 'yan mata kuma sun karkata zuwa jami'a. Har manyan sunaye sun ja da baya: kwalejin mata ta Aoyama Gakuin ta daina ɗaukar sabbin ɗalibai daga 2019, ta jami'ar Sophia kuma daga 2025. Wannan ya shafe ki ta fuska biyu. Ajinku zai zama ƙarami, malamai za su san sunanki da halinki, kuma wannan alheri ne. Amma makarantar da kujerunta suka ƙi cika takan yi wa baƙo maraba fiye da kima, don haka kada fara'ar ranar buɗe ƙofa ta ruɗe ki. Ki tambaye su kai tsaye: baƙi nawa suka gama a bara, a ina suke aiki yanzu, kuma da wace irin biza. Idan aka shiga kame-kame, kin samu amsarki.

Doka ta ce sai ɗalibi ya tara maki 62 na darussa kafin ya gama kwas na shekara biyu, 93 a na shekara uku irin na aikin jinya, jami'a kuwa 124 a shekara huɗu. Idan kika raba, nauyin kamar ɗaya ne. A aikace ba haka ba ne, domin kwasa-kwasan da ke ba da lasisin sana'a sun zarce 62 nesa ba kusa ba, kuma makarantu suna danna mafi yawan darussan a shekarar farko don a bar wa ta biyu filin koyon aiki da neman aiki. Saboda haka jadawalinki zai fi kama da na sakandare. Darasin farko wajen ƙarfe tara, kowane darasi minti 90, huɗu ko biyar a rana, Litinin zuwa Juma'a, wasu wuraren har da safiyar Asabar. Yawanci za a saka ki a aji guda da mutanen da za ki gama da su, da malami ɗaya mai kula da ku. Zaɓin darasi kaɗan ne.

Halarta ita ce abin da ba a wasa da shi. Zangon karatu mako 15 ne, kuma a yawancin makarantu wanda ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na darasi ba zai zauna jarrabawarsa ba. A kwas ɗin lasisi an fi tsanantawa. Ɗan jami'a da ya faɗi darasi yana da shekaru a gaba da zai maimaita. Ke idan kika faɗi darasin dole a shekarar farko, yana iya cin karo da wani darasin dole a jadawalin shekara ta biyu, sai ki wayi gari shekara biyu ta zama uku, da kuɗin makaranta na shekara guda a kanki. Ga baƙo kuma akwai ƙari, domin hukumar shige da fice tana duba halarta da sakamako wajen sabunta biza. Idan jirgin ƙasa ya makara, akwai takardar shaidar jinkiri da ake karɓa a tasha ko a shafin kamfanin jirgin. Ki karɓa ko da minti goma ne, ki miƙa wa malami.

Sauran rayuwar yau da kullum kin riga kin san ta daga makarantar harshe: cunkoson jirgin safe, raba shara gwargwadon ranarta, karanta bayan kowace leda kafin ki saya don gudun naman alade da gelatin da mirin, giyar shinkafa da ake girki da ita. Abin da zai sauya shi ne yanzu ke kaɗai ce baƙuwa, ko ku biyu, cikin Japanawa arba'in masu shekara 18, masu magana da sauri da yaren 'yan mata wanda ba ya cikin littafin N2, mataki na biyu mafi girma a jarrabawar harshen Japan. Watan farko za ki ji kamar ba ki taɓa koyon harshen ba. Yana wucewa. Rukunin ƙawaye kuwa a makon farko ake ƙulla shi, galibi a kan abincin rana, don haka kada ki ɗauki kwanonki ki ɓuya. Batun salla, ki je ofishin ɗalibai tun ranar farko ki nemi ɗakin da babu kowa na minti goma. Ba kasafai suke hanawa ba. Abin da ba sa so shi ne a yi abu ba a sanar da su ba. Ki nemi katin jirgi na ɗalibai, wanda rangwamensa babba ne. Idan kin kai shekara 20, rajistar fansho ta hau kanki, amma akwai tsarin jinkirta biya ga ɗalibai, sai dai sai kin cika takarda, ba ya zuwa da kansa.

Ba ki faɗi kwas ɗin da kike so ba, alhali nan ne maganar take. Darajar tandai tana ga takardar da za ki fita da ita. Tun 2005 wanda ya gama yana samun digirin da ake kira tanki daigakushi, wanda doka ta amince da shi. Amma abin da ke ciyar da mutane shi ne lasisi. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban suna sashen renon yara da koyarwa a makarantar ƙanana, kuma wadda ta gama a kwalejin da gwamnati ta amince da ita tana samun shaidar mai renon yara ba tare da jarrabawar ƙasa ba, sau da yawa haɗe da lasisin koyarwa mai daraja ta biyu. Sashen abinci mai gina jiki ma haka, lasisi na biye da kammalawa, kodayake babban lasisin sai an yi aikin shekara uku an kuma ci jarrabawar ƙasa. Jinya shekara uku ce sannan jarrabawa a watan Fabrairu. Akwai kula da tsofaffi, akwai kasuwanci da aikin ofis, harsuna, yawon buɗe ido, ɗinki da zane.

Ga baƙo, lasisi da biza abubuwa biyu ne daban, kuma nan ne na fi ganin ana tuntuɓe. Kula da tsofaffi yana da bizarsa ta kansa tun 2017, ma'aikatan jinya suna shiga ƙarƙashin bizar aikin lafiya, masu kasuwanci da harsuna kuma suna neman bizar aikin ofis da fassara da hulɗa da ƙasashen waje, inda ake lissafa ɗan tandai a sahun masu ilimin jami'a. Renon yara kuwa ba shi da biza da sunansa. Ɗaliba za ta iya riƙe lasisi a hannu ta rasa hanyar zama ta yi aiki da shi. Kada ki biya kuɗin shiga sai kin ji daga bakin makarantar yadda waɗanda suka gabace ki suka yi.

Idan kika shiga sashen lasisi, abin da zai fi ba ki wuya, ya kuma fi koya miki aiki, shi ne jisshu, wato fita koyon aiki a wurin aiki na gaske. A renon yara ana fita sau uku, kowace fita kamar kwana goma, har da gidan marayu ko na masu naƙasa, sannan mako huɗu a makarantar ƙanana. Ba a biyan ko yen ɗaya. Za ki isa kafin yara, ki sa atamfar aiki mai sunanki a ƙirji, ki share, ki goge, ki wuni tsugune daidai tsayin ɗan shekara uku. Da yamma idan kin koma ɗaki sai babban aikin ya fara, wato littafin rahoton yini. A wurare da yawa har yanzu da hannu ake rubuta shi, da biro. Ƙarfe tara da rabi yaro kaza ya ƙwace abin wasa, malama ta durƙusa ta ce masa kaza, me ya sa ta faɗi haka ba ta tsawata ba, me kika fahimta. Shafi biyu, uku, huɗu. Washegari za a dawo miki da shi da jan biro a kan kowane kanji da kika karkace. 'Yan ƙasa ma sukan kai ƙarfe ɗaya na dare a kansa, balle ke. Ga kuma fiyano, domin ana so malamar yara ta kaɗa tana waƙa tana kuma kallon yaran, shi ya sa ƙananan ɗakunan gwaji suke cika tun da sassafe. A makonnin nan babu maganar aikin bayan makaranta. Ki sanar da mai gidan aikinki wata guda kafin lokacin, ki kuma tanadi kuɗin hayar watan tun da wuri.

Mu zo kan kuɗi. Kusan duk kwalejojin masu zaman kansu ne, kuma shekarar farko, da kuɗin shiga da na gine-gine, takan haura yen miliyan ɗaya. 'Yan kaɗan da ke hannun jihohi da birane kuɗin karatunsu na shekara bai kai yen 400,000 ba, sai dai shigarsu da wuya. Makarantu da yawa suna rage wa baƙi wani kaso, hukumar JASSO kuma tana da tallafin yen 48,000 a wata ga baƙin da ke ɗaukar nauyin kansu, ta hanyar makaranta ake nema, kuma sakamako ake dubawa. Izinin aikin da ke bayan katinki na zama awa 28 ne a mako, a haɗe duk wuraren da kike aiki, kuma ta kowace rana aka fara ƙirga kwana bakwai kada ya wuce. A dogon hutun da makaranta ta ayyana ana yarda da awa takwas a rana. A Tokyo mafi ƙarancin ladan awa ya kai yen 1,163 a Oktoban 2024, matsakaicin ƙasa kuma 1,055 a lokacin, yana ɗan hawa kowace shekara. Ki buga lissafi da wancan ladan: awa 28 a Tokyo, mako huɗu, wajen yen 130,000. Haya, abinci, jirgi, waya, inshorar lafiya. Abin da zai saura ba zai biya kuɗin makaranta ba. Duk wanda ya ce miki baito, wato aikin bayan makaranta, kaɗai zai riƙe ki a tandai, ko dai bai yi lissafi ba, ko kuma yana nufin ki karya doka. Masu karyawa kuma ana gane su cikin sauƙi, domin wajen sabunta biza ana iya neman takardar harajinki, kuma adadin da ke ciki yana faɗin awannin da kika yi. Na ga ɗalibar da saura mata zango ɗaya ta gama aka ƙi sabunta mata saboda aiki biyu da ta haɗa. Haka kuma gidan cacar pachinko da mashayar da ake zama da baƙi haramun ne ga mai bizar karatu, ko da wanke-wanke ne a bayan gida.

Ni shawarata, kada ma ki cika 28 ɗin a lokacin karatu. Awa 15 zuwa 20 ya isa wadda ke tashi daga aji ƙarfe biyar. Ki rama a hutun bazara da na Fabrairu zuwa Maris. Aikin dare, daga ƙarfe goma zuwa biyar na asuba, yana da ƙarin kashi 25 cikin ɗari, kuma shi ne tarkon da ya fi kama ɗalibai. Kuɗin yana da daɗi, amma darasin ƙarfe tara ne yake biya.

Wane aiki? Masana'antar shirya abincin kwali da wurin rarraba kaya suna da sauƙin samu, ba a damu da harshe ba, kuma hular aikin tana rufe kai gaba ɗaya, abin da ke sauƙaƙa wa mai lulluɓi. Amma za ki shekara a can ba ki ƙaru da jimla goma ba. Idan so samu ne, ki nemi inda za ki yi magana da mutane: kantin konbini irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart, babban kanti, otal, ko gidan abinci. Kowa ya tsaya bayan kantar konbini ƙarfe bakwai da rabi na safe ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Layi ya kai firij. Wannan yana so a ɗumama masa abinci, wancan ya miƙo takardar kuɗin wuta, na bayansa zai aika kaya, wani dattijo kuma ya ambaci lambar taba cikin gunaguni ba tare da ya ɗago kai ba, ga injin suya yana ƙara a bayanki. Kowanne da jimlar girmamawar da ake faɗa masa, kuma cikin wata uku bakinki zai riƙa fitar da su ba tare da tunani ba. Wannan keigo ɗin, harshen ladabi, shi za ki shiga da shi ganawar neman aiki, kuma babu ajin da zai dasa miki shi kamar yadda kantar konbini za ta yi. Sai dai ki sani konbini na sayar da giya da abinci mai naman alade. Wannan hukunci ne tsakaninki da malamanki na addini, amma ki yanke shi kafin ki karɓi aikin, kada ki bari sai kwalba ta iso gabanki. Batun ɗankwali ma ki faɗe shi a ganawar farko. Wasu za su ce a'a, wasu su ce in dai baƙi ne ko ruwan toka babu laifi.

Dokar ƙwadago tana kare ki kamar yadda take kare ɗan ƙasa. Aikin da ya wuce awa shida yana da hutun minti 45, wanda ya wuce takwas awa guda. Ba a yanka wa ma'aikaci tarar da aka ƙayyade tun farko don ya yi fashi ko ya bar aiki, ba a kuma tilasta masa sayen kek ɗin Kirsimeti da ya yi kwantai. Mai aikin wucin gadi ma yana da hutu mai albashi bayan wata shida, gwargwadon kwanakinsa. Cin zalin ɗalibai ya yi yawa har wani malamin jami'ar Chukyo, Ouchi Hirokazu, ya raɗa wa irin wannan aiki suna a 2013, burakku baito, wato baƙin baito. Alamarsa ɗaya ce: manajan da ke saka ki a jadawali ranar jarrabawa yana cewa babu mai maye gurbinki. Ki riƙa rubuta awanninki a ɗan littafi, ki adana takardun albashi. Idan abu ya ƙi, akwai ofishin sa ido kan dokar ƙwadago a kowane yanki.

Kafin ƙarshen shekarar farko za ki tsaya a mararraba: aiki ko ci gaba da karatu. Wanda ya gama tandai yana iya shiga aji uku na jami'a ta jarrabawar canjin makaranta, wadda akasari ake yi tsakanin bazara da kaka na shekara ta biyu, kuma kwalejin da ke ƙarƙashin wata jami'a takan keɓe wa nata gurabe. Hanya ce mai kyau ga wadda harshenta bai nuna ba tukuna. Abin da ba na so shi ne a riƙe biyun da hannu ɗaya har Satumba, domin shirin kowanne yana cin mutum sukutum.

Idan aiki kika zaɓa, ga yadda kalandar take. Gwamnati ce yanzu take roƙon kamfanoni su bi ta, tun da ƙungiyar manyan kamfanoni ta Keidanren ta sanar a 2018 cewa ta janye hannunta: Maris a fara talla, Yuni a fara tantancewa, 1 ga Oktoba a ba da alƙawarin aiki a hukumance, wanda suke kira naitei, sannan 1 ga Afrilu kowa ya fara aiki rana ɗaya. A zahiri kamfanoni da yawa suna riga wannan jadawali, ta hanyar gajeren koyon aiki na bazara da hunturu. Ke nan wata huɗu da shigarki ya kamata ki fara leƙa ofishin neman aiki na makaranta. Za ki sayi baƙar kwat da farar riga da baƙar jaka kamar kowa, ki yi rajista a shafin neman aiki na Mynavi ko Rikunabi, ki yi gwajin lissafi da harshe irin na SPI, ki cika takardun da ke tambayar abu guda ta fuska goma: me kika fi ba wa ƙarfi a rayuwarki ta ɗaliba? Ɗan jami'a yana da shekara uku na ƙungiyoyi da tafiye-tafiye da zai ba da labari. Ke shekara ɗaya gare ki, shi ya sa baito ɗinki da jisshu su ne jarinki. Kada ki ce kin koyi haƙuri, kowa haka yake cewa. Ki ce layin safe yana tsawo, kika lura da abin da ke jawo shi, kika ba manaja shawarar a sauya wurin ajiye kaza, aka gwada. Ƙaramin abu na gaskiya ya fi babban zance.

Ƙarfin tandai a nan shi ne ofishin nan. Yawancin kwalejojin sun daɗe da ƙulla zumunci da bankunan yanki, asibitoci, otal-otal da kamfanonin garinsu, har akwai guraben da makaranta ce take tura sunan ɗalibi. Ma'aikatan za su gyara miki takarda layi-layi, su koya miki ƙwanƙwasa ƙofa da zurfin rusunawa. Masu renon yara da kula da tsofaffi nasu neman yakan zo a makare, wajen kaka, kuma sau da yawa inda aka yi jisshu nan ake cewa a dawo. Ki yi ƙoƙarin cin N1, mataki mafi girma na harshen Japan, a jarrabawar Disamba ta shekarar farko, domin sakamakon ta Yuli ba ya fitowa sai an yi nisa da tantancewa. Wani abu kuma: manajan kantinki yana iya cewa ki zauna da su bayan kin gama. Ki gode masa, amma ki sani bizar aikin ofis ba ta ba da izinin tsayuwa bayan kantar kanti ko kai abinci tebur. Ana karɓar takardun sauya biza tun daga Disamba. Wadda Maris ya riske ta ba ta samu aiki ba, makaranta na iya ba ta takardar goyon baya ta nemi izinin wata shida na ci gaba da nema, ana sabunta shi sau ɗaya.

Shekarar farko a wurin aiki, za ki shiga da shekara 20 ko sama kaɗan, tare da 'yan jami'a da suka girme wa 'yan ajinku da shekara biyu suka kuma fi ku albashi. Matsakaicin albashin farko na ɗan tandai ya haura yen 200,000 a wata, na ɗan jami'a ya fi shi da wajen 20,000 ko sama. Abin da zai shigo asusunki kamar kashi huɗu cikin biyar ne, bayan an cire haraji da inshora da fansho. Harajin mazauna gari kuwa a kan abin da aka samu bara ake lissafa shi, saboda haka a watan Yuni na shekara ta biyu ne zai faɗo da nauyinsa, har wasu su ga albashinsu ya ragu alhali an yi musu ƙari. Makonnin farko horo ne: yadda ake miƙa katin suna da hannu biyu, yadda ake ɗaga waya kafin ta yi ƙara uku, wa ke zama kusa da ƙofa. Za a haɗa ki da wata senpai, wadda ta riga ki shiga, ta riƙa duba aikinki. Abin da suke nema wurin sabon ma'aikaci ba gwaninta ba ce. So suke ki kai rahoto, ki sanar, ki yi shawara, musamman idan kin yi ɓarna. A wurinsu kuskuren da aka faɗa da safe ƙarami ne, wanda aka ɓoye har yamma shi ne laifi. Ki riƙa yawo da ɗan littafi a aljihu, domin tambayar abu sau ɗaya ladabi ne, sau uku kuwa sai a fara kallonki.

Bayan hutun Golden Week na farkon Mayu jiki yakan mutu, har suna da sunan da suke kiran wannan kasala, ciwon watan Mayu. Hutu mai albashi, kwana 10, sai kin cika wata shida kina halartar aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago sun daɗe suna nuna cewa fiye da huɗu cikin goma na waɗanda suka fito daga irin waɗannan kwalejoji suna barin aikinsu na farko kafin shekara uku, 'yan jami'a kuwa kamar ɗaya cikin uku. Saboda haka barin aiki ba abin kunya ba ne yanzu kamar da. Sai dai ke ba kamar 'yar ajinki 'yar ƙasa ba ce da za ta koma gidan iyayenta ta huta. Idan kika bar aiki, dole ki sanar da hukumar shige da fice cikin kwana 14, kuma zaman wata uku babu aiki babu ƙwaƙƙwaran dalili yana iya jawo a soke miki izinin zama. Ki samu sabon wuri a hannu, ki tabbatar aikin ya dace da irin bizarki, sannan ki miƙa takardar ajiye na farko.